Abin da ya kamata ku sani kafin ku ɗaura wa mota koyiloba a gida

Koyiloba shokasoba ce da sifirin ya zagaye ta, an haɗe su wuri guda, kuma jikinta na da zare irin na noti. A kan wannan zare akwai zobba da sifirin yake zaune a kai. Idan aka juya zobban, mota ta ɗaga ko ta sauka. Daga motocin tsere aka samo ta, inda ake son daidaita tsayin kowace ƙafa daban, daga baya kamfanoni irin su Bilstein da KW na Jamus, da Öhlins na Suwidin, da Tein na Japan, da BC Racing na Taiwan suka riƙa ƙera ta domin motocin hawa. Mai mota da ya saba riƙe sifana zai iya ɗaura ta a gida cikin yini guda. Sai dai kwancewa da ɗaurawa rabin aikin ne kawai. Sauran rabin awo ne da kiyaye rai, kuma a nan aka fi yin sakaci.

Kafin ka saya

Kowace koyiloba an ƙera ta ne domin wata mota takamaimai, da shekararta da nauyinta. Yawancin ƙananan motoci, irin su Corolla da Camry da Golf, ƙafarsu ta gaba tana bin tsarin MacPherson ne, wanda shokasoba take ɗauke da nauyin mota kuma take juyawa tare da sitiyari. Amma Honda Accord ba ta koma wannan tsari ba sai a samfurin 2013. Yawancin waɗanda suka gabace shi ƙirarsu daban ce. A ƙafar baya kuma wasu motocin sifirin yana gefe guda, shokasoba tana gefe guda. Saboda haka kamanni ba ya wadatarwa, sai lambar kayan ta dace da motar.

Iri biyu ne a kasuwa. A na farko, zoben da yake riƙe da sifirin shi ne yake sauya tsayi. A na biyu, gindin shokasobar ne ake juyawa ya shige ko ya fito, zoben sifirin kuwa ba a taɓa shi. Wanda bai san wanne ya saya ba, zai iya sassauta sifirin har ya riƙa rawa a mazauninsa. Idan ta hannu ce, irin wadda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka duba ko mai yana tsattsafowa, ko sandar ƙarfen ta lanƙwashe ko ta yi zane, ko zobban sun cije sun ƙi juyawa. Araha ba ta ado, musamman ga abin da yake riƙe taya a ƙasa.

Kayan aiki da wurin aiki

Ana buƙatar jek mai ƙarfi, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota aƙalla biyu, da sifanoni da soket, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da tef na awo, da man feshi mai sassauta tsatsa irin WD-40, da ƙugiyoyin sifana biyu da suke zuwa tare da koyilobar. A yi aikin a kan daɓen siminti mai shimfiɗe, ba a kan rairayi ko gangare ba. A ja birkin hannu, a tokare tayoyin da suke ƙasa.

Kada ka taɓa sa hannu ko kai a ƙarƙashin motar da jek kaɗai yake riƙe da ita. Jek na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, kuma yana iya sauka ba sanarwa. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, domin yana rugujewa lokaci guda. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin gefen motar, ta zama kariya ta biyu.

Cire tsohuwar

Tun mota tana ƙasa, ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin ƙarfen da yake samanta, ka rubuta. Wannan awo shi ne madubinka daga baya. Ka ɗan sassauta notin tayoyi, sannan ka ɗaga gefen hagu da na dama tare, domin sandar da take haɗa ƙafafun biyu tana ɗaurewa tamau idan gefe ɗaya kaɗai aka ɗaga.

Bayan cire taya, ka raba tiyon birki da wayar ABS daga jikin shokasoba, ka kwance ɗan ƙarfen da yake haɗa ta da sandar da take haɗa ƙafafun biyu. Sai manyan kusoshi biyu na ƙasa, sai ƙananan noti na sama, yawanci uku, a cikin bonet. Ka tallafe gindin tayar da jek ko igiya kafin kusoshin su fita. Idan ya faɗi zai ja tiyon birki, ko ya zare shaf daga mazauninsa.

A tsakiyar waɗannan noti na sama akwai wani babba guda ɗaya. Shi ne yake danne da sifirin, wanda aka matse da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Idan aka kwance shi ba tare da an kama sifirin da maƙalar matsewa ba, sifirin zai yi tsalle da ƙarfin da zai karya ƙashi ko ya fasa fuska. In koyilobarka ta zo da murfinta na sama, ba ruwanka da wannan noti. In kuma sai ka yi amfani da tsohon murfin, ka ɗauki shokasobar gaba ɗaya ka kai wa makanike mai maƙala ya raba maka. Wannan ba gazawa ba ce, hankali ne.

Ɗaura sabuwar

Ka jera na hagu da na dama a ƙasa, ka daidaita tsawonsu da tef har su zo ɗaya. Ka shafa wa zaren ɗan man hana cijewa. Ka fara rataye ta sama da hannu, sannan ka shigar da kusoshin ƙasa. Kowane noti yana da adadin ƙarfin ɗaurinsa a littafin motar. Na tayar Corolla, alal misali, Nm 103 ne. Wasu kamfanoni, musamman na Jamus, suna umartar a sauya wasu kusoshin da sababbi duk lokacin da aka kwance su.

Duk kusar da ta ratsa bushin na roba, kada a ƙarasa ɗaure ta sai nauyin mota ya hau ƙafar. Idan aka ɗaure ta taya tana lilo a sama, robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri. Bayan haka ka mayar da tiyon birki da waya, ka juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka tabbatar babu abin da yake gogawa ko yake miƙewa.

Tsayi da saiti

Ka sauke motar, ka tura ta gaba da baya, ka sake awo. Ba a juya zobe nauyi yana kansa. Sai an ɗaga, an juya, an kulle zobe da ɗan'uwansa, an sauke, an auna. Za a maimaita haka sau da yawa, kuma haƙurin da aka yi a nan shi ne yake raba aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka.

Kada ka wuce iyakar da kamfanin ya rubuta. A Jamus hukumar TÜV tana duba wannan iyaka kafin a amince wa mota ta hau titi, domin shokasobar da aka sauke fiye da kima ba ta da sauran wurin motsi, sai ta riƙa dukan ƙarshenta. Ga mai tuƙi a hanyar da take da ramuka da tudun rage gudu, saukewar santimita 2 zuwa 3 ta isa. Fiye da haka, tukunyar baƙin mai da salansa ne za su biya. Idan akwai maɓallin tauri da laushi, ka fara daga inda kamfanin ya ce, ka sauya kaɗan-kaɗan, hagu da dama daidai.

Sauya tsayi yana karkatar da tsayuwar tayoyi, ko ido bai gani ba. Don haka bayan 'yan kwanaki, sifirin ya zauna, ka sake awo, ka sake bin notin duka, ka kai motar wurin masu saitin taya da na'ura. Wanda ya tsallake wannan zai ga taya ta cinye ta ciki cikin watanni, mota tana janye shi gefe. A duba hasken fitilun gaba ma, domin shi ma yana sauyawa.

Daga nan sai kulawa. Ƙurar hunturu da taɓon damina suna cika zaren, don haka ka riƙa wanke shi da buroshi. In ka ji ƙwanƙwasa ko ka ga mai a jikin shokasoba, ka tsaya ka duba kafin ka ɗauki iyali ka hau babbar hanya.