Fina-finan Malesiya da mai kallon Kannywood zai ga kansa a ciki

A tsakiyar birnin Kuala Lumpur, daura da tagwayen dogayen benaye na Petronas, akwai wani titi mai suna Jalan P. Ramlee. Baƙo zai iya ratsa shi sau goma bai san cewa sunan wani mawaƙi kuma ɗan fim ne da ya rasu a 1973 ba, mutumin da har yau babu kamarsa a tarihin fim a Malesiya.

Sama da kashi 60 cikin 100 na al'ummar ƙasar Musulmi ne, kuma masana'antar fim ɗinsu ta sha irin muhawarar da Kannywood ke sha: rawa da waƙa, koyi da fina-finan Indiya, labaran aure da kishi, da almakashin hukumar tace fina-finai. Ga wasu daga cikin abubuwan da suka cancanci a kalla.

Tarihin P. Ramlee

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne shirin tarihin rayuwarsa da tashar History ta nuna a 2010, wanda Shuhaimi Baba ta ba da umarni.

An haifi P. Ramlee a tsibirin Penang a 1929. Ya yi tashe a Singafo, a kamfanin fim na Shaw Brothers, inda a wancan lokaci mafi yawan masu ba da umarni 'yan Indiya ne, irin su B.S. Rajhans da L. Krishnan. Daga hannunsu ne fim ɗin Malay ya gaji salon sanya waƙa a tsakiyar labari, salon da ya shigo ƙasar Hausa ta gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos.

Ya fito a fina-finai fiye da 60, ya kuma rubuta ɗaruruwan waƙoƙi. Amma bayan ya koma Kuala Lumpur a 1964 sai tauraronsa ya fara dusashewa. Kayan aiki sun yi ƙaranci, matasa sun karkata ga kiɗan Turawa, fina-finan waje sun cika kasuwa. Shirin ya nuna yadda ya ƙare rayuwarsa cikin ƙunci, har ciwon zuciya ya yi ajalinsa yana da shekara 44.

Karramawar ta zo ne bayan ƙasa ta rufe idonsa. An raɗa wa titi sunansa, an mayar da gidansa na unguwar Setapak gidan tarihi, sannan a 1990 aka ba shi lambar girma ta Tan Sri. Duk wanda ya san halin da wasu tsofaffin 'yan wasan Hausa suka shiga a ƙarshen rayuwarsu ba zai ji labarin baƙo ba.

Madu Tiga da Ibu Mertuaku

A harshen Malay, kalmar "madu" tana nufin zuma, tana kuma nufin kishiya. A kan wannan harshen damo aka gina Madu Tiga, fim ɗin barkwanci na 1964, inda wani magidanci ya ƙara mata biyu a ɓoye, kowacce tana zaton ta san iyakar labarin, har ranar da matan uku suka haɗu suka haɗa masa kai. Fim ɗin ya lashe kyautar barkwanci a bikin fina-finan Asiya na wannan shekara.

Ibu Mertuaku kuwa, wato "surukata", na 1962, hawaye ne zalla. Wata attajira ce ta ƙi yarda 'yarta ta zauna da makaɗi, ta raba su da ƙarya. Batun raina sana'ar kiɗa a wajen neman aure abu ne da Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa.

Sepet

Marigayiya Yasmin Ahmad ce ta shirya shi a 2004. Labarin soyayya ne tsakanin Orked, yarinya 'yar ƙabilar Malay, da wani saurayi ɗan asalin China mai sayar da faifan bidiyo a bakin titi a garin Ipoh.

A ƙasar da ƙabila da addini ke shata iyakar aure, labarin ya ta da ƙura. Hukumar tace fina-finai ta yanke wasu sassansa kafin a nuna shi, amma ya ci kyauta a bikin fina-finai na Tokyo a 2005. Fim ne mai tafiya a hankali, mai son gudu da faɗa zai ƙosa. Ladarsa tana cikin hirar cikin gida da raha tsakanin iyaye da 'ya'ya. Yasmin ta rasu a 2009 tana da shekara 51.

Abang Adik

Ma'anar sunan ita ce wa da ƙane. Jin Ong ne ya shirya shi a 2023, a unguwar Pudu ta Kuala Lumpur, nesa da ƙyalƙyalin da masu yawon buɗe ido ke gani. Wasu marayu biyu ne da suka tashi ba su da katin shaidar zama ɗan ƙasa, don haka ba su iya buɗe asusun banki ko samun aiki na dindindin. Babban kurma ne mai haƙuri da ke dako a kasuwa, ƙaramin kuma ya faɗa harkar takardun jabu.

Wu Kang-ren, ɗan Taiwan da ya fito a matsayin kurman, ya lashe kyautar gwarzon jarumi ta Golden Horse. Ga 'yan ci-rani da suka san fargabar zama babu takarda, fim ɗin zai yi nauyi a zuciya.

Barkwancin talabijin

Pi Mai Pi Mai Tang Tu ya fara fitowa a tashar TV3 a tsakiyar shekarun 1980, ya kuma shafe shekaru masu yawa ana nuna shi. Sunan yana nufin a je a dawo, ana nan inda ake. Maƙwabta ne a wani benen masu ƙaramin ƙarfi, kowa da karin harshen jiharsu, kullum da sabuwar rigima. Matsayinsa a wajen 'yan ƙasar ya yi kama da na Samanja a Arewacin Najeriya.

Kopitiam, wanda aka fara a 1998, da Turanci aka yi shi, saboda haka zai fi sauƙin bi. Komai yana faruwa ne a shagon shan gahawa, kwatankwacin teburin mai shayi, inda 'yan ƙabilu daban-daban ke haɗuwa suna zolayar juna.

Wane kwafi ake kallo?

Kafin a nuna kowane fim a sinima a Malesiya sai ya bi ta hukumar tace fina-finai da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, kamar yadda masu fim a Kano ke bi ta hukumar jihar da aka kafa a 2001.

Wannan ya sa fim ɗaya kan iya zama iri biyu. Tiger Stripes, labarin wata yarinya mai shekara 12 da ke fuskantar balaga, ya ci babbar kyautar sashen masu sharhi a bikin Cannes na Faransa a 2023. Da aka zo nuna shi a gida sai aka datse wasu sassa, har mai shirya shi, Amanda Nell Eu, ta fito fili ta ce wannan kwafi ba shi ne fim ɗin da ta yi ba.

Don haka yana da kyau mai kallo ya bincika wane kwafi ne a hannunsa, ya kuma nemi mai fassara a ƙasan allo. Idan da yara a gida, Tiger Stripes da Abang Adik na manya ne, amma Madu Tiga kowa zai iya zama a yi dariya tare.