'Yan Gaban Katsina United: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ina roƙon masu karatun wannan fili su ba ni aron hankalinsu a kan wani zance da ba a saba jin malamin allo ya tsoma baki cikinsa ba, watau wasan tamaula.

Ga damina ta yi nisa a nan Mashi, gero ya fid da kai, manomi ya fara kewaya gonarsa yana kintatar damin da zai ɗaure. Masu ƙwallo su ma kakarsu ta gabato. Duk majalisar da mutum ya zauna, ko a tasha ko a bakin kasuwa, ba abin da samari ke yi sai musu a kan kulob ɗinmu na jiha, Katsina United: wa aka saya, wa ya tafi, wa zai tsare gida. Ni kuwa tambayata ɗaya ce, ita nake yi kowace shekara: wa zai jefa ƙwallo cikin raga?

Dalilin tambayar tsohon miki ne, yaran yanzu ba su san shi ba. Ina gardi a lokacin, mukan kewaye akwatin rediyo bayan la'asar mu saurari wasa. A shekarar 1995 Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, Shooting Stars ta Badun ta cinye ta 2 ba ko ɗaya. A 1996 ta sake kaiwa, Julius Berger ta Ikko ta ci 1. A 1997 ta kai karo na uku, BCC Lions ta Gboko ta ci 1. Ku duba fa, jama'a. Shekara uku a jere ana zuwa bakin kofi, aƙalla minti 270 ana fafatawa, ba mu ga ƙwallonmu ta taɓa raga ko sau ɗaya ba. 'Yan bayanmu ba su yi abin kunya ba, gama ƙwallo 4 kaɗai aka zura musu cikin wasa uku da manyan ƙasa. A gaba aka rasa mai ƙarasawa. Na tuna daren na ukun, tuwo ya huce a akushi ba wanda ya miƙa hannu.

Wani zai ce wannan tsohon labari ne. To, sai mu yi lissafi, domin lissafi ba ya tsufa. A babbar gasar ƙasa kulob 20 ke karawa, kowanne wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Wanda ya ci yana da maki 3, kunnen doki maki 1, wanda aka cinye ya tashi hannu rabbana. Kulob ɗin da ya yi kunnen doki sau 10 ya tara maki 10. Wanda ya ci 5 aka cinye shi 5 ya tara 15. Watau mai tsoron kai hari, ko da ba a cinye shi ba, yana bayan wanda ya fāɗi sau biyar amma ya san hanyar raga. A ƙarshen kaka kuma na ƙasa sukan gangara ƙaramar gasa. Mun ɗanɗana wannan a 2022, sa'ad da muka gangara tare da Kano Pillars, sai a 2023 Allah ya dawo da mu tare. Wanda ya ga filin wasa na Muhammadu Dikko a waccan shekara ba ya fatan a maimaita.

Saboda haka ga abin da nake dubawa ga 'yan gabanmu kafin a busa usur.

Na farko, sabo. Mu a makarantar allo ba mu barin yaro ya wanke allonsa sai ya riƙe abin da ke kai, in kuwa aka yi gaggawar wankewa kullum, shekara za ta ƙare yana da rubutu mai yawa, ba shi da hadda. Al'adar kulob-kulob na ƙasar nan ita ce wanke allo kowace kaka: a sallami goma, a ɗauko goma sha biyar, a ce an yi shiri. Alhali kuwa ɗan gaba ba ya ci shi kaɗai. Ku tuna ƙwallon farko da Nijeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, a Amurka, 1994, a ragar Bulgeriya. Sunan Rashidi Yekini aka rubuta, amma Daniel Amokachi ne ya tura wa Finidi George, Finidi ya gicciya ta gaban raga, Yekini ya sa ƙafa kawai. Mutum uku ne da suka san tafiyar juna. Irin wannan sabo ba a sayensa a kasuwa cikin mako biyu. In mai horarwa ya tsai da 'yan gabansa tun yanzu, ya bar su tare wasa bayan wasa ko da sun yi tuntuɓe da fari, to, ina da kyakkyawan zato.

Na biyu, mai ƙarasawa, da kuma na bayansa. Kowane kulob mai neman girma yana bukatar mutum guda wanda in ƙwallo ta faɗo gabansa 'yan kallo sukan miƙe tun bai buga ba. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars 18 a kakar da ta ƙare a 2010, yana yaro ɗanye. Mfon Udoh ya ci wa Enyimba 23 a 2014. Ban ce lalle sai mun sami irinsu ba. In Allah ya ba mu mai cin 12 ko 15, wasu biyu kuma suka taimaka masa da 6 ko 7 kowanne, ya wadatar. Amma a lura, Ahmed Musa bai ƙara shekara a Kano ba bayan wannan, Holan ya wuce. Haka abin yake, ɗan gaba in ya yi fice masu kuɗi sukan ɗauke shi, wani lokaci tsakiyar kaka. Malamin kirki kuwa yana saukar da wani yana da wani a izu hamsin. Yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a filayen Mashi da Mani da Daura da Dutsi, cikinsu akwai masu ido da ƙafa. A aiko a duba su, a reni na reno.

Na uku, zuciya a waje. Sananne ne a gasar nan tamu kowa zaki ne a gidansa. In an tafi Aba ko Inugu ko Fatakwal, bayan doguwar tafiya a mota, sai a tara mutum tara a baya, a bar ɗan gaba guda yana yawo kamar maraya, ana roƙon a tashi canjaras. Sau da yawa kuma a minti na tamanin da wani abu ƙwallo guda takan shiga, a dawo ba maki ba yabo. Ni dai gara in ji an cinye mu muna kai hari. Wasa 19 na waje ba abin yarwa ba ne, ko 4 aka ci cikinsu maki 12 ke nan, su ne sukan raba mai kallon sama da mai kallon ƙasa.

Kada kuma wasannin share fage su ruɗe mu. A lallasa wani ƙaramin kulob 5 ba ko ɗaya a wasan sada zumunta, wannan karatu ne a gaban allo. Hadda sai an kife allon ake saninta. Ku ba su wasa 6 na farkon gasa, sa'an nan mu ƙirga.

Akwai kuma namu rabon, mu 'yan kallo. Ɗan gaba ya zubar da ƙwallo sau ɗaya, sai zagi ya taso daga kowace kusurwa, har da ambaton iyaye. Yaron da ake tsawata wa kowane harafi bakinsa rawa yake yi, na ga wannan shekara da shekaru a gaban wutar tsangaya. Wanda ya fi wannan muni shi ne jifa. Hukumar gasa takan ci tarar kulob, ta rufe fili ko ta kai wasanninsa wani gari, a wayi gari 'yan gaban da muke so su ci a gida sun zama baƙi a duk wasa. Filin nan sunan Sarki Dikko gare shi, wanda ya riƙe Katsina daga 1906 zuwa 1944, gidan da aka san shi da wasan folo da ladabinsa. Bai kamata a ji mu da abin kunya a cikinsa ba.

Zatona ke nan a taƙaice: in an bar 'yan gaba suka saba da juna, aka sami mai ƙarasawa guda, aka cire tsoro a waje, za mu ƙare kaka cikin na sama, har ma mu sake leƙa kofin nan da ya kuɓuce mana sau uku. In kuwa aka sake wanke allo, sai lissafin tsira a watannin ƙarshe. Sanin gaibu sai Allah. Ni dai na riga na gaya wa babban gardina, ranar wasan farko a gida shi zai riƙe mini yara, domin daga Mashi zuwa Katsina ba ta kai tafiyar sa'a guda ba a mota.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kaka lafiya. Wassalam.