Ɗan murfin da ke kwantar da Hilux a hanyar Yankari

Ma'aikacin da ya taso daga Abuja a Hilux ɗin ofis, ya ratsa Jos, ya kwana a Fadaman Mada da niyyar wucewa Yankari da safe, ya kamata ya leƙa ƙarƙashin motar kafin ya tayar da ita. Idan ya ga ɗigon ruwa mai launin tsatsa, ba lallai ne laifin lagireto ba.

A jikin inji akwai ƙananan murafun ƙarfe, kamar na kwalba, da ke toshe ramukan da aka bari lokacin da aka zuba ƙarfensa a masana'anta. A ƙasashen sanyi ana danganta su da ƙanƙara. A nan tsatsa ce ke cinye su, musamman idan direba ya saba ɗura ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa.

Murfin ba shi da tsada. Wahalar tana wurin isa gare shi. Na gefe, bakanike zai buge shi ya fitar, ya goge ramin, ya kafa sabo, zai fi kyau na tagulla. Wanda ke bayan inji kuwa, sai an sauke giyabos. Idan ɗaya ya huje, gara a canza sauran, domin tare suka tsufa. Liƙe shi da gam yaudarar kai ce.

Daga mahaɗar Dindima zuwa Wikki garejin kirki ya yi ƙaranci, kuma injin da ya ƙone a can, takardar neman kuɗin gyaransa za ta daɗe tana yawo a ma'aikata.