Laba ba rabin kilo ba ce: awon da ke ruɗa 'yan ci-rani

A kasuwannin Madawa, Buza da Keita da ke jihar Tahoua, da tiya ake auna hatsi, albasa kuma da buhu ake cinikinta. Amma ɗan yankin da ya sauka a Amurka, abin da zai fara gani a jikin buhun shinkafa da takardar nama shi ne haruffa biyu: lb.

Wannan awo shi ne Bahaushe ke kira laba. Haruffan sun fito ne daga kalmar Latin "libra", sunan ma'aunin mutanen Rum na dā. Daga ita ce kuma aka samo alamar £ ta kuɗin fam na Ingila. A bakin Hausawa, nauyi ya zama laba, kuɗi ya zama fam. Kalmar ta bazu a zamanin da ake auna gyaɗa da auduga a sikelin Turawan Ingila a arewacin Najeriya, kafin ƙasar ta koma kilo a shekarun 1970.

Tun shekarar 1959 Amurka, Ingila da wasu ƙasashe masu magana da Ingilishi suka tsayar da nauyin laba a giram 453.59. Ke nan kilo ɗaya ya kai laba 2.2.

Inda ruɗanin yake shi ne, wanda ya yi karatu da Faransanci ya san "livre", wadda a bakin 'yan kasuwar Faransa take nufin giram 500. Sai ya ɗauka laba rabin kilo ce. A laba ɗaya giɓin giram 46 ne kawai, amma a laba 100 ya haura kilo huɗu da rabi, kusan tiya biyu ta gero. Mai kwatanta farashin buhu mai laba 100 da buhun kilo 50 na gida, ya sani na farkon kilo 45.4 ne.

Matafiya ma abin ya shafe su. Kamfanonin jiragen sama da yawa sun ƙayyade nauyin jaka a laba 50, wato kusan kilo 23. Wanda ya cika jaka da kuka da busasshiyar kuɓewa har kilo 25, yana zaton bai wuce ƙa'ida ba, zai iya biyan kuɗin ƙari a filin jirgi.

Batun ya taɓa har arzikin ƙasa. Uranium ɗin da ake haƙowa a Arlit, da dala kan kowace laba ake faɗin farashinsa a kasuwar duniya. Haka ma auduga a kasuwar New York.

Lissafin mai sauƙi ne: in ka ga lb, raba adadin biyu, sannan ka cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ya fito. Laba 50 ta zama 25, a cire 2.5, saura kilo 22.5, dab da ainihin 22.7.