Retinoyid: Maganin ƙurajen fuska da ke buƙatar haƙuri da sa hannun likita

Ƙurajen fuska, waɗanda aka fi sani da ƙurajen balaga, suna farawa ne daga cikin ramin gashi. Maiƙon fata da matattun ƙwayoyinta suna taruwa su toshe bakin ramin, ƙwayoyin cuta su samu mafaka, sai kumburi ya biyo baya. Magungunan shafawa na rukunin retinoyid, waɗanda ke da tushe a sinadarin bitamin A, suna kai farmaki ne kan wannan toshewa. Suna hanzarta sabuntawar fata, su buɗe ramukan da suka toshe, su hana sababbi toshewa.

Na farko a cikinsu shi ne tretinoin, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1971 da sunan Retin-A. Tarihinsa na da tabo. Likitan fata Albert Kligman, ɗaya daga cikin waɗanda suka samar da shi, ya gudanar da gwaje-gwaje a jikin fursunonin gidan yarin Holmesburg da ke Filadelfiya daga 1951 zuwa 1974, akasarinsu baƙaƙen fata. Sai a 2022 birnin ya nemi gafara a hukumance. Bayan tretinoin, adapalene ya fito a 1996, tazarotene kuma a 1997.

Maganin ba ya aiki dare ɗaya. Yakan ɗauki makonni 8 zuwa 12 kafin a ga sauƙi, kuma a farkon makonni fata kan bushe, ta yi zafi, ta riƙa sāɓa, ƙurajen ma su ƙaru. A nan ne mutane da yawa ke jefar da shi, ko su ninka abin da suke shafawa. Likitoci kan ba da shawarar a shafa daidai ƙwayar wake ga dukan fuska, da dare, bayan fata ta bushe, a fara da tsallake kwana. Da rana a kare fuska daga hasken rana, a kuma ƙara man da ke tausasa fata, musamman lokacin hunturu.

Ga masu baƙar fata akwai ƙarin dalilin taka tsantsan. Retinoyid na dusar da baƙin tabon da ƙuraje ke bari, amma idan ya ƙona fata saboda yawan shafawa, sabon tabo ne zai bayyana. Mace mai ciki ko mai neman haihuwa kuwa ba a ba ta wannan magani, domin gudun illa ga jariri.

Babban haɗarin a Najeriya yana kasuwa. Ana sayar da man shafawa masu haɗa tretinoin da hydroquinone da sinadarin sitiroyid, a kemis da shafukan sada zumunta, ba tare da takardar likita ba, wasu kuma suna amfani da su wajen bilicin. Sitiroyid na kwantar da ja da kumburi nan take, amma dogon amfani da shi yana sirantar da fata, ya kuma haifar da nasa ƙurajen. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan man bilicin, sai dai gargaɗi bai hana kayan cika kantuna ba. Kafin saye, a karanta sunayen sinadaran da ke jikin kwali, a duba lambar rajistar hukumar, sannan a nemi likita ya zaɓi nau'i da ƙarfin da ya dace da fatar mutum.