Matsayin Doka Kan Shigo da Motocin Tsere Masu Sitiyari a Hannun Dama

A Ƙaramar Hukumar Fagge, musamman a Sabon Gari inda hada-hadar motoci da kayan gyaransu ta yi ƙarfi, akan sami dillalan da ke tallata wa jama'a ƙananan motocin tsere da aka ƙera domin kasuwar Japan ko Ingila. Farashinsu kan yi sauƙi idan aka kwatanta da irinsu na Amurka ko Jamus, abin da ke jan hankalin matasa, har da manoman da suka sayar da amfanin gona suna neman abin hawa. Sai dai akasarin waɗannan motoci sitiyarinsu a hannun dama yake, kuma a nan matsalar take.

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a gefen hagu na titi, wanda ta gada daga Turawan Ingila, ta koma gefen dama kamar maƙwabtanta Nijar, Binin, Chadi da Kamaru. Ƙasar da ke tuƙi a gefen dama kuwa, motar da ta dace da ita ita ce mai sitiyari a hagu. Ƙa'idojin Zirga-zirgar Ababen Hawa na Ƙasa na 2012 sun hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista, sun kuma hana hawa da ita kan titin jama'a. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, na daga cikin masu tabbatar da bin wannan doka.

Dalilin hanin a fili yake. A hanya mai falle ɗaya, irin wadda ta haɗa yawancin garuruwanmu, direban da ke zaune a dama ba ya hango motar da ke tahowa idan zai wuce tirela, sai ya fito da kusan rabin motarsa tsakiyar titi. Haka kuma fitilun gaba an saita su ne domin ƙasar da ke tuƙi a hagu, saboda haka da dare haskensu kan kashe idon mai tahowa, ya bar gefen da masu tafiya a ƙasa da dabbobi suke cikin duhu.

Wasu dillalai kan ce ai abu ne mai sauƙi, makaniki zai mayar da sitiyarin hagu. Wannan magana tana buƙatar lura. Juya sitiyari na nufin yanke ƙarfen gaban mota, sauya wurin birki da totur, da sake jan wayoyin lantarki. Inda aka yi walda a jikin sitiyari, nan ne ke iya sakewa ana cikin gudu, kuma FRSC ta sha yin gargaɗi kan irin waɗannan motoci da aka juya. Mota mai ƙarfin injin tsere kuwa, haɗarinta ya fi na saura.

Akwai kuma batun shekaru. Jerin kayayyakin da Hukumar Kwastan ta haramta shigo da su ya ƙunshi tsofaffin motoci. A da iyakar shekara 15 ce daga ƙera mota, a 2022 aka rage ta zuwa 12. A shekarar ce kuma aka fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar jikin mota, wadda ke nuna ainihin shekarar da aka ƙera ta. Masu bin labaran motoci a intanet kan ji cewa Amurka na barin a shigo da motar waje idan ta cika shekara 25. Gaskiya ne, amma dokar can ce, tamu kuwa akasin haka take: tsufa ne ke hana mota shigowa. Misali, Nissan Skyline GT-R R34 da aka ƙera daga 1999 zuwa 2002 ta fara samun shiga Amurka a 2024, alhali a nan ta faɗi ta fuska biyu, ga sitiyari a dama, ga shekaru sun wuce.

Hanyar da mota ta biyo ma abin tambaya ce. Daga 1 ga Janairu, 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, ta taƙaita shi ga tashoshin ruwa kamar Apapa da Tin Can. Duk motar da aka ce ta fito daga Kwatano ko ta biyo ta Maraɗi, ya kamata mai saye ya kai takardun fitonta ofishin Kwastan na shiyyar Kano da Jigawa da ke Bompai a tantance masa kafin ya ba da ko sisi. Idan aka kama mota ta fasa-ƙwauri, ba a duba cewa mai ita bai sani ba. A hannun wanda aka same ta ake ƙwacewa, dillali kuwa ya riga ya karɓi la'adarsa.

Ana kira ga hakimai, dagatai da masu unguwanni, da jami'an ƙananan hukumomi da akan nema su shaida ciniki, da kada su sa hannu a takardar sayen mota sai sun ga takardar biyan kuɗin fito, sun kuma tabbatar lambar da ke jikin motar ta yi daidai da wadda ke rubuce. Mai neman ƙarin bayani na iya tuntuɓar ofishin VIO ko na FRSC mafi kusa da shi.