Yaya za mu ce « hyponatrémie » da Hausa? Misalin aikin prostat

Wajen ƙirƙiro kalmomin likitanci, ya kamata suna ya nuna sanadin ciwo. Za mu gwada wannan ƙa'ida bisa wata matsala da ba safai take aukuwa ba, wadda likitoci ke kira « syndrome de résection transurétrale ».

Prostat ƙullin nama ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Idan ya girma ya tare fitsari, likita kan bi ta hanyar fitsari da na'ura ya kankare shi, yana kwarara ruwa don ya ga wurin aiki. Ruwan da aka daɗe ana amfani da shi, mai glisin kashi 1,5 cikin 100, ba shi da gishiri. In ya kutsa jijiyoyin jini da aka buɗe, musamman idan aikin ya wuce minti 60, sai sodiyom ya sauka. Mizaninsa milimol 135 zuwa 145 ne cikin lita. Ƙasa da 120 akwai haɗarin farfaɗiya da suma. Magani shi ne a tsaida aiki, a fitar da ruwan ta fitsari, in ya tsananta a ba da ruwan gishiri mai kashi 3 cikin 100 sannu a hankali, domin gaggawa na iya lahanta ƙwaƙwalwa. Na'urorin da ke aiki da ruwan gishiri sun rage matsalar ƙwarai.

To, wane suna ya dace? « Ƙarancin gishiri cikin jini » ya yi kusa da « ƙarancin jini », kuma yana iya sa dangi su ga kamar cin gishiri ne magani. Alhali ruwa ne ya yi yawa. « Tsinkewar jini » kuwa ta riga ta ɗauki ma'anar zubar jini. Muna ba da shawarar « surkuwar gishirin jini », daga aikatau « surka », kamar yadda ake surka ruwan zafi da na sanyi.

Akwai dalili na biyu. Sau da yawa rabin jiki kaɗai ake kashewa da allura, majinyaci yana farke. Alamun farko daga bakinsa suke fitowa: « kaina na sarawa », « zuciyata na tashi », « idona ya yi duhu ». Ma'aikacin da ya ji Hausa zai iya gane su da wuri. Saboda haka ƙamus na likitanci yana buƙatar kalmomin majinyaci tare da na likita.